Kawu Ya Fito, Yaya Bai Fito Ba

A shekarar da korona ta shigo Damagaram ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a cikin Zinder. Aka rufe makarantu, na dawo gida na zauna da Inna, ba aikin komai sai sauraron rediyo da gardamar maƙwabta. Wasu na cewa cutar gaskiya ce, wasu na cewa ta ƙasashen sanyi ce, ba za ta iya da zafinmu ba. Ni kaina da safe in yarda, da yamma in yi shakka. Lokacin tsakiyar bazara ne, ga azumi ya kama.

Mutum biyu wannan labari ya shafa. Na farko Kawu, wan Innarmu, manomi a wani ƙauye kusa da Droum. Gero yake nomawa da ƴar gyaɗa. Ba wanda ya san shekarunsa, har shi kansa, amma Inna ta tsufa tukuf, kuma ta ce lokacin da ta fara wayo ya riga ya fara zuwa gona da hauyarsa. Siriri ne kamar karan dawa, haƙoransa na gaba duk sun zube, kunnensa ɗaya ba ya ji.

Na biyu Yaya, babban wanmu, wanda ya zame mana uba tun rasuwar mahaifinmu. Yadi da shadda yake sayarwa a kasuwa. Bai daɗe da haura hamsin ba. Ƙato ne, in ya tsaya a bakin zaure sai ya tare hasken duka. A unguwa cewa ake Allah ya yi masa jiki, kuma da sha'awa ake faɗa. Tun tasowata ban taɓa ganin ciwo ya kwantar da shi ba, in ban da mura.

Wata safiya aka kira Yaya a waya daga ƙauye, aka ce Kawu na fama da zazzaɓi da tari, ya kasa fita ko masallaci. Yaya bai tsaya shawara da kowa ba, ya ɗauki mota ya tafi. Kafin la'asar ya iso da shi. Na tarye su a ƙofar asibiti. Kawu na kwance a kujerar baya, an rufe gilasai an kunna masa sanyin mota, idanunsa sun faɗa, ƙirjinsa na ɗagawa kamar na tsuntsu. Yaya ya sunkuya ya ɗauke shi cak, kamar yaro, ya shiga da shi.

Aka ɗauki majinarsa da wani dogon tsinke mai auduga, aka kai shi wani ɓangare da aka keɓe can bayan asibitin, inda ba a barin ƴan'uwa su shiga. Likitan wurin matashi ne, fuskarsa a rufe da takunkumi, idanunsa kawai muke gani. Ya tambaye mu shekarun Kawu, muka ce ba mu sani ba.

Ya ce, "Ba sai kun faɗa ba, na gani. Gaskiya zan gaya muku, wannan cuta tsofaffi ta fi yi wa illa. Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Ku ma ku yi addu'a."

Mun fahimci abin da yake nufi. Da muka koma gida Inna ta ji, sai ta ce wa Yaya, cikin ƴan yadikan shagonsa ya ware fari mai kyau ya ajiye, kada abu ya zo a shiga neme-neme. Yaya ya ce to. Washegari na ga ya shigo da ƙunshin a leda, ya miƙa wa matarsa ta sa a ƙasan akwati.

Ni aka ɗora wa jinya, tunda ba ni da aiki. Jinyar kuwa zama ce kawai a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, nesa da ɗakin, tare da wasu masu jiran nasu. In ka kawo abinci ka ajiye a kan wani teburi, ma'aikaci ya zo ya ɗauka, kwanon kuma sai an fesa masa magani kafin ya dawo hannunka. Yaya kan zo kullum bayan azahar da kunu a fulas, ya tsaya daga nesa ya ɗaga wa Kawu hannu ta taga, ko da yake ban tabbata Kawu na ganinsa ba.

A cikin waɗannan kwanaki na lura Yaya na tari. Na yi masa magana.

Ya ce, "Ke dai Madam, kin cika karanta abu a waya. Azumi ne da zafi. Maƙogwaro ya bushe, ba dole a yi tari ba?"

Madam yake kirana don tsokana, tun ranar da na fara koyarwa.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi. Ya aika farmasi aka sayo masa maganin zazzaɓin sauro, matarsa ta dafa masa tazargade ya yi sirace ya sha. Ya ji dama-dama, har ya koma kasuwa. Sai zazzaɓin ya dawo. Na ce ya zo a gwada shi, tunda shi ya ɗauko Kawu a mota. Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi.

"Ni da na kai mutum, ni kuma a kwantar da ni? Wa zai riƙe gidan? Dube ni da kyau, na yi miki kama da wanda mura za ta kayar?"

Na dube shi, kuma wallahi bai yi kama ba. Abin da likita ya faɗa shi ne tsofaffi. A rediyo ma tsofaffi na fi ji ana ambata. An ce da masu wasu cututtuka, amma Yaya ba shi da wata cuta da na sani. Na ƙyale shi. Aka ɗauki fiye da mako a haka, yau ya tashi gobe ya kwanta, kuma bai ajiye azumi ba.

Ranar da aka kai shi asibiti, matarsa ce ta kira ni ina ƙarƙashin itace. Ta ce ya tayar da sallar azahar ya kasa kai ƙarshen Fatiha, sai da ya zauna yana haki. Wani maƙwabci ya tuƙo su. Da ƙafarsa ya sauko daga mota, da ƙafarsa ya shiga, har yana gaisawa da mai gadi. Aka maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna lamba. Likitan nan ya duba, ya cire, ya goge yatsan, ya sake maƙalawa a ɗaya hannun. Sai na ga ya ɗago da sauri ya kira a kawo tukunyar iska.

Na ce, "Dokotoro, lafiya? Ai ga shi yana magana."

Ya ce, "Yana magana, amma iskar da ke cikin jininsa ta yi ƙasa sosai. Yana da ciwon suga?"

Na ce a'a.

"Tansiyo fa? Hawan jini?"

Na sake cewa a'a. Sai matar Yaya da ke bayana ta ce a hankali, "An taɓa cewa yana da shi."

Na juya ina kallonta. Ta ce shekaru biyu ko uku da suka wuce ya yi ciwon kai mai tsanani, ya je aka auna shi, aka ba shi ƙwayoyi. Ya sha na wani lokaci, da kan ya daina ciwo ya ce ya warke, ya bari. Ya kuma hana ta gaya wa Inna don kada hankalinta ya tashi. Likita ya tambaye ta ko yana yawan shan ruwa da yawan fitsari. Ta ce ƙwarai, tulu guda ake ajiye masa a bakin ɗaki, amma ai kowa na shan ruwa a wannan zafi. Aka huda yatsansa aka ɗiga jini a wani ɗan inji. Likita ya juyo mana da fuskar injin kamar za mu gane, ya ce sugan ya hau ƙwarai, kuma da alama ba yau ya fara ba.

Yaya, da robar iska a hanci, ya ce, "Suga kuma? Ni da ko shayi rabin cokali nake sawa?"

Aka tura shi a keke zuwa ɗakin da Kawu yake. Kafin su shige ya waiwayo ya ce da ni, "Madam, ki ce wa Inna na zo duba Kawu ne aka riƙe ni."

Daga ranar na zama mai jinyar mutum biyu. Kwano biyu nake ajiyewa a teburin. Na Kawu, da farko yakan dawo kamar yadda ya tafi, sai ya fara dawowa rabi, daga baya ya riƙa dawowa a sude. Na Yaya kuwa ya fara da komawa rabi, ya koma cokali biyu. Ina ganin haka da idona, amma ban karanta shi yadda yake ba. Na ce wa kaina tsoho ne ke samun ɗan sauƙin nan da akan ce yana zuwa kafin tafiya, Yaya kuma bakinsa ne ba daɗi.

A ƙarƙashin itatuwan nan kowa da iliminsa. Akwai wata mata daga Damagaram Takaya da muka saba, tana jiran mijinta. Ita ta yi imani iskar tukunyar nan ce ke kashe mutane, don duk wanda ta ga an ƙara wa iska, bayan kwana kaɗan sai a fito da shi a rufe. Na yi mata bayani irin na malamar lakwal, na ce ai waɗanda ciwonsu ya yi tsanani ake ƙara wa, shi ya sa. Ta ce to, Allah ya sa. Da yamma da na ji an ƙara wa Yaya iska, maganarta ce ta fara faɗo mini, ba tawa ba. Mijinta tun yana yaro yake da ciwon asma, mun ɗauka shi ne a bakin rami, sai ga shi an sallame shi ya fito yana neman inda ake sayar da tsire. A makon nan kuma aka fito da gawar wata mata da ɗanta ya rantse mana ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Na rasa wane ma'auni zan riƙe.

Yaya na da waya a wurinsa. Kwanakin farko yakan kira ni ya yi ta ba da umarni, a ce wa yaron shago kaza, a kai wa Inna ƙanƙara kafin shan ruwa. Ya ce gadonsa na kallon na Kawu.

"Sun ce in kwanta rub da ciki," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Na ce musu, wannan tumbin, ina zan kai shi?"

Na yi dariya, shi ma ya so ya yi. Ya ce Kawu ya dame su da neman goro. Ya ce tsohon nan yakan sauko daga gadonsa, yana dafa bango, ya zo ya zauna kusa da shi yana yi masa fifita da kwali, ma'aikata su kore shi, in sun juya baya ya dawo. Daga baya kiran ya ragu. In na kira sai ya ɗauka in ji hucin iska kawai, ya ce "Madam," ya ce "lafiya lau," ya kashe.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ina zaune ina gyara ɗaurin kwanuka sai na hango likitan ya fito, ya cire rigar ledar da suke sawa, ya wanke hannu, ya nufo itatuwan. Kowa na jiran ya ga wurin wa zai tsaya. Ya tsaya a gabana. Na miƙe. Tun ranar farko nake shirya wa wannan lokaci, don haka ban bari ya wahala ba.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Kawu. Mun gode, Dokotoro, kun yi ƙoƙari."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Ba tsohon ba ne, Madam."

Na ce, "To wa?"

Har yau ina mamakin wannan tambaya. Mutum biyu gare ni a ɗakin, an ce ba ɗaya ba ne, amma na tsaya ina jiran a faɗa mini wani na uku. Matar nan ta Damagaram Takaya, da ta zo karɓar sauran kayan mijinta, ita ta kama ni ta zaunar da ni.

Ban yarda a gaya wa Inna a waya ba. Na hau kabu-kabu na tafi gida. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafar buɗa-baki. Tana ganin fuskata ta ajiye faifan.

Ta ce, "Ya cika?"

Na ɗaga kai.

Ta yi salati, ta share ido da bakin zane, ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ya sha duniya, ya huta. Kira mini yayanku, in sun bar shi ya yi magana, a san yadda za a sanar da ƙauye."

Na durƙusa a gabanta, na kama gwiwoyinta. Na ce, "Inna, Kawu na nan da ransa." Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana zubar da mai kyau tana barin tsakuwa.

Ba a kawo shi gida ba. A can aka yi masa sutura, mutane ƙalilan suka yi masa salla daga nesa, aka kai shi. Alhali in ana jana'iza a unguwa shi ke gaba wajen ɗaukar makara. Wani ƙanenmu ya zo ya karɓi farin yadi a wurin matar Yaya ya kai asibiti. Ban tambaya ko wanda ke ƙasan akwatin nan ne ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Masu ta'aziyya wasu suka zo suka tsaya a zaure, wasu suka kira a waya, wasu suka ƙaurace wa gidan gaba ɗaya. Akwai waɗanda suka ce mana kada mu yarda a ce korona ce, suga ne ya kashe shi. Wasu suka ce ba suga ba ne, ai lafiyarsa ƙalau ya shiga da ƙafarsa. Kowa dai ya ƙare da cewa kwana ne ya ƙare, mu ce haka ne.

Bayan kwanaki aka kira ni in zo in ɗauki Kawu. Kafin a fito da shi na tare likitan. Na ce ina da tambaya, kuma ba faɗa na zo yi ba.

"Kai ka ce mana tsofaffi take ɗauka."

Ya ce, "Na faɗa, kuma haka ne. Yawan shekaru haɗari ne. Amma suga ma haɗari ne, musamman wanda ba a san da shi ba balle a yi magani. Hawan jini haka, ƙiba haka. Sannan jinkiri. Kawunku shekaru kawai gare shi, kuma an kawo shi da wuri. Yayanku ya haɗa sauran duka."

Na ce, "To da mun kawo shi tun ranar da ya fara tari, da ya tashi?"

Ya ce, "Da ya fi samun dama."

"Da ya tashi?"

Ya sauke ido. Ya ce, "Ban sani ba. Na ga mai irin nasa duka ya fita da ƙafarsa. Na ga wanda ba shi da ko ɗaya ya tafi. Abin da muka sani shi ne su wa ta fi ɗauka in an haɗa mutane da yawa. Mutum ɗaya kuwa, ba na iya ce miki."

Na yi masa godiya. Na fahimci kowace kalma da ya faɗa, zan iya tsayawa gaban allo in koya wa yara ita. Amma da na juya ban ji na san wani abu da ban sani ba a da. Na yarda da likita, na yarda kwana ne ya ƙare, kuma na kasa haɗa su wuri guda, na kasa kuma jefar da ɗaya.

Aka fito da Kawu a keke, ya ƙara ƙanƙancewa, hularsa ta yi masa yawa. Bai gaishe ni ba. Ya ce a gabansa aka ja wa Yaya labule, a gabansa aka fitar da gadon. A mota, da muka kusa gida, ya juyo da kunnensa mai ji wajena.

"Ƴar nan, ni na sa masa?"

Na ce, "Kawu, wa ya gaya maka haka?"

"Shi ya ɗauko ni. A ƙirjinsa na yi ta tari."

Na tuna masa cewa kafin azumi, shi Kawu ya zo gari wajen wani suna, ya kwana a gidan Yaya, kwano ɗaya suka ci, kuma Yaya wuni yake cikin jama'a a kasuwa. Na ce ta yiwu ma daga wurin Yaya ya ɗauka ya tafi da ita ƙauye. Na faɗa ne don in sauƙaƙa masa, sai da na faɗa na ga ni ma ban san wanne ne gaskiya ba. Kawu ya ce, "To," bai ƙara ba. Ya zauna wurinmu har aka yi ruwan shuka, sannan ya matsa sai an mayar da shi gona.

Bayan an buɗe lakwal da wasu watanni, na tattara mutanen gida na ce kowa sai an auna shi. Ƙanenmu ya ƙi, ya ce shi ba ya neman ciwo da kansa, kuma har yanzu bai je ba. Na tafi da Inna da matar Yaya wani ƙaramin asibitin unguwa. Kawu ya shigo gari a ranar ya kawo wa ƴaƴan Yaya gero da gyaɗa, ya ce shi ma zai bi mu. Aka auna Inna, jininta ya ɗan hau, aka rubuta mata magani. Matar Yaya ba komai. Ni da na kawo su, aka ce sugana yana bakin iyaka, in rage zaƙi, in riƙa tafiya da ƙafa, in dawo a sake dubawa. Na fito da ƴar audugar a yatsa ina jin jikina kamar na wata.

Kawu ya shiga ƙarshe. Ma'aikaciyar ta naɗa masa abin awo a dantse, sai da ta ninka shi don hannun ya yi siriri. Ta huda yatsansa. Ta duba, ta yi murmushi, ta ɗaga murya don ya ji.

"Baba, kai ba ka da komai. Jininka kamar na saurayi."

Ya ce, "Ba za a ba ni magani ba?"

"Ba ka buƙata."

Ya zauna bai tashi ba, yana kallon ɗigon jinin da ke yatsansa. Ya ce, "Sake dubawa, ƴata." Ta ce ta duba da kyau, kuma akwai mutane a layi. Na kama hannunsa muka fito. A bakin ƙofa ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa, ya tambaye ni ko motar Droum ta la'asar tana nan tana tashi a inda ta saba. Na ce tana nan. Muka tare adaidaita, Inna ta shiga gaba, muka raka shi tasha.